Idan Kabarin Kaka Ya Faɗa Cikin Gonar Wani

A garuruwanmu ba kasafai ake tambayar wa ya mallaki maƙabarta ba. Ta gari ce. Ko dai mai unguwa ne ya yanka filin tun zamanin kakanni, ko wani mai hali ya bayar wakafi, ko ƙaramar hukuma ta ware. Wanda ya so ziyartar mahaifinsa ranar Juma'a sai ya sa takalmi ya kama hanya, ba ya neman izinin kowa. Shi ya sa idan aka ce wa Bahaushe a jihar Teksas ta Amurka akwai lokacin da sai mutum ya aika takarda kwana 14 kafin ranar da yake son ganin kabarin kakarsa, wasu wuraren ma sai alƙali ya sa baki, zai ɗauka an yi ƙari. Haka abin yake, kuma rigimar ta taɓa kaiwa har Kotun Ƙolin ƙasar.

Tushen matsalar daga yadda ƙauyukan Amurka suka kafu ne. Manomi yana zaune tsakiyar gonarsa, gari da coci suna da nisa, don haka in an yi rasuwa sai a keɓe wani tudu a ƙarshen gona a binne. Ɗa ya bi uba, jika ya bi kaka, har wurin ya zama ƙaramar maƙabarta ta iyali. Shekaru suka tura, aka raba gado, aka sayar, wanda ya saya shi ma ya sayar. Yau gonar tana hannun kamfanin katako, ko ƙungiyar mafarauta, ko wani da ya gudo daga hayaniyar birni. Ya zagaye ta da waya, ya sa kwaɗo a ƙofa, ya liƙa allon hana shiga. A can cikin kurmi kuwa akwai 'yan duwatsu goma ko ashirin, wasu sun karkace, wasu ganye ya rufe su, ƙasa ta lotsa jere-jere daidai tsawon mutum. Jikokin waɗanda ke kwance a wurin suna tsaye a bakin titi.

Haƙƙi biyu ne suka yi karo, kuma kowanne yana da ƙarfi a dokar ƙasar. Na farko shi ne ikon mai fili na hana kowa shiga filinsa. Ba'amurke yana ɗaukar wannan a matsayin ƙashin bayan mallaka. Gyara na biyar da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ce ba a karɓar dukiyar mutum don amfanin jama'a sai an biya shi diyyar da ta dace. Na biyu shi ne haƙƙin dangi na isa ga mamacinsu, su gyara kabari, su yi addu'a.

Wata mata mai suna Rose Mary Knick tana da fili eka 90 a ƙaramar hukumar Scott, arewa da birnin Scranton a jihar Fensilbeniya. Gidanta yana ciki, sauran filin dawakai da dabbobi ke kiwo. A watan Disamba na 2012 ƙaramar hukumar ta kafa doka cewa kowace maƙabarta, ko a filin gwamnati take ko a filin mutum, dole ta kasance a buɗe ga jama'a baki ɗaya muddin rana ba ta faɗi ba. Dokar ta kuma ba ma'aikatan hukumar ikon shiga filin kowa su duba ko akwai kaburbura. A 2013 wani ma'aikaci ya shiga filin matar, ya ce ya ga duwatsun kabari, waɗanda ake cewa na kakannin maƙwabtanta ne, aka aiko mata da takardar saɓa doka.

Ta je kotun jiha. Ƙaramar hukumar ta janye takardar, ta ce ta dakatar da aiki da dokar, sai kotun ta ce to babu abin da za ta yanke. Ta tafi kotun tarayya, can kuma aka ce mata akwai hukuncin Kotun Ƙoli na 1985 da ya wajabta wa mai neman diyya ya fara gama da kotun jiha tukuna. Tarkon da ke ciki shi ne, in ka je kotun jiha ka sha kaye, kotun tarayya za ta ce an riga an yanke maganar. Gaba kura, baya sayaki. Ranar 21 ga Yuni, 2019, Kotun Ƙoli ta rushe wancan sharaɗin da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, Alƙalin Alƙalai John Roberts ne ya rubuta hukuncin, Elena Kagan ta rubuta na masu saɓawa. Daga ranar, duk wanda ke ganin hukuma ta karɓe masa wani abu daga dukiyarsa ba diyya yana iya zarcewa kotun tarayya kai tsaye.

Mutane da yawa suna ambatar wannan shari'a kamar ta ce mai fili yana da ikon rufe maƙabarta. Ba ta ce haka ba. Ƙofar kotu kawai ta buɗe wa matar. Ba ta yanke ko dokar Scott ƙwace ce ko ba ƙwace ba ce. Amma ta nuna wa kowace hukuma cewa in ta wuce gona da iri, akwai inda za a kai ta cikin hanzari.

A ganina ƙaramar hukumar ta wuce gona da iri ɗin, kuma ta yi wa dangin mamata illa da hakan. Domin tun kafin a haifi kowa a cikin masu wannan rigima, kotunan Amurka sun riga sun samar da hanya mai kyau. A 1911 Kotun Ƙolin jihar Tenesi, a shari'ar da ake kira ta Hines, ta ce idan mai gona ya keɓe wani yanki don binne iyalinsa, to wannan yankin ya fita daga hukuncin sauran gonar. Ko an sayar, ko ba a rubuta komai game da shi a takardar ciniki ba, zuriyar suna da haƙƙin zuwa ziyara da gyara, da hanyar shiga da fita daga titi mafi kusa, a lokacin da ya dace kuma ta yadda ya dace. Hujjar kotun mai sauƙi ce: kaburburan suna nan a fili, mai saye ya gan su, ko ya kamata ya gan su, don haka da su ya saya.

Manomin Hausa ya san wannan hujja ba sai an yi masa dogon bayani ba. Wanda ya sayi gona da burtali a gefenta, ko hanyar rafi ta ratsa ta, bai isa ya wayi gari ya toshe ya ce ai kuɗinsa ya biya ba. Kuɗin da ya biya na gona mai burtali ne. Ba a karɓe masa komai ba, domin abin da yake son hanawa bai taɓa shiga cikin abin da aka sayar masa ba. Wanda ya yi karatun Muhtasar na Shehu Halilu kuma zai tuna inda aka ce kabari hubusi ne, wato wakafi, ba a taka shi, ba a tone shi muddin mamacin yana ciki. Har ma a nan malamin bai manta da mai fili ba, ya kawo togaciya ga wanda aka binne gawa a mallakinsa ba da yardarsa ba. Maganar tasa a kan alfarmar kabari ce, ba a kan hanyar zuwa gare shi ba, amma tunanin ɗaya ne: ƙasar da aka binne mutum ta daina zama haja kamar sauran ƙasa, kuma wanda aka shigar masa fili da ƙarfi shi ma yana da bakin magana.

Daga baya jihohi da dama suka mayar da wannan tsohon hukunci rubutacciyar doka, kowace da irin nata awon. Ta Bajiniya, wadda aka kafa a 1993, ita ce aka fi ambata, kuma ta cancanci a duba ta a tsanake don ta nuna yadda ake raba gardama. Ta ɗora wa mai fili wajibcin barin mutum iri uku su shiga: dangi da zuriyar mamacin, wanda ya mallaki gurbin kabari a wurin, da mai binciken asalin zuriya. Sai sun sanar da shi tukuna. Shi kuma yana da ikon tsayar da sau nawa za a zo, ƙarfe nawa, tsawon wane lokaci, da hanyar da za a bi idan babu tsohuwar hanya da ido ke gani. Ba a shiga da mota sai in akwai hanyar mota kuma ya ba da izini a rubuce. Abin da baƙo ya ɓata, shi zai biya. In baƙo ya faɗa rami ya karye, ba zai kai mai fili ƙara ba, sai in da gangan ko mummunan sakaci. In zai yi shinge, dole ya bar ƙofa. Wanda aka hana kuwa yana iya zuwa kotu.

Maganar karaya ba ƙarama ba ce. A ƙasar da ake kai ƙara kan zamewar ƙafa, mai fili da yawa ba mugunta ce ke sa shi rufe ƙofa ba, tsoron lauya ne da kamfanin inshora. Akwai kuma mai shanu da ke tsoron a bar masa ƙofa a buɗe, da tsohuwar da ke zaune ita kaɗai ba ta son baƙuwar fuska a bayan ɗakinta. Dokar da ta cire musu wannan fargaba ta fi dokar da ta yi musu barazana buɗe ƙofofi.

Filorida ta ba dangi haƙƙin wucewa, ta ƙara da cewa in maƙabartar ta zama kufai kuma mai fili ya ƙi gyarawa bayan an roƙe shi, dangi suna iya gyarawa da kansu. Karolina ta Arewa ta ce a nemi yardar mai fili, in ya ƙi a kai buƙata gaban magatakardan kotu. Teksas ce ta fi buɗe hannu, ta ce kowane mutum, ba dangi kaɗai ba. Can ɗin ma an samu cikas: a 1999 wata kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta ce yadda aka yi amfani da dokar a kan wasu masu fili, ba tare da diyya ba, ya saɓa wa tsarin mulki. Wasu jihohin kuma ba su da rubutacciyar doka sam, sai dai a koma ga tsofaffin hukunce-hukunce.

A 2021 Kotun Ƙoli ta sake matse igiyar, a wata shari'a da ba ta shafi kabari ba. A lokacin jihar Kalifoniya tana da ƙa'idar da ta ba wakilan ƙungiyar ƙwadago damar shiga gonaki awa 3 a rana, kwana 120 a shekara. Kotun, da rinjayen 6 a kan 3, ta ce ba wa wani ikon shiga filin mutum karɓar dukiya ne, ko da na ɗan lokaci ne. Sai dai ta ware haƙƙoƙin da suka daɗe a jikin mallakar ƙasa tun asali. A fahimtata, haƙƙin dangi irin na hukuncin 1911 yana da inda zai fake a ƙarƙashin wannan togaciya, domin ya girmi takardar mai filin. Dokar da ta ce kowa da kowa ya shiga daga safe zuwa magariba ba ta da wannan mafaka. In hukuma tana ganin wata maƙabarta ta kai matsayin da jama'a duka za su riƙa zuwa, kamar ta wani gwarzo ko wurin tarihi, sai ta sa hannu a aljihu ta sayi hanyar.

Da a nan maganar ta tsaya, da an ce an raba gardama. Amma akwai wani sharaɗi a cikin hukuncin Tenesi da ya fi komai damuna. Kotun ta ce haƙƙin ba ya mutuwa da tsawon zamani muddin wurin yana kewaye, ko duwatsun kabari suna nan, ko ana kula da shi. Dokokin jihohi kuma mafi yawansu suna magana ne a kan zuriya. Wato sai ka nuna akwai kabari, sannan ka nuna kai jininsa ne. Ga jikan mai gandu wannan abu ne mai sauƙi: akwai dutsen marmara da suna da shekara, akwai rajistar coci, akwai wasiyya. Jikan bawa fa?

Bayi ana binne su ne a gefen gandu, inda ƙasa ba ta noma, bakin fadama ko cikin kurmi. Alamar kabarinsu dutsen daji ne marar rubutu, ko gungumen itace da ya ruɓe tuntuni, ko wata shuka da dangi suka dasa don su gane wurin. Ƙidayar 1850 da ta 1860 ba ta rubuta sunayensu ba. Shekaru da jinsi da launi kawai aka jera a ƙarƙashin sunan ubangida. Sai a ƙidayar 1870, bayan an soke bauta a 1865, aka fara rubuta yawancinsu da suna. Daga nan kuma aka yi babbar ƙaura, baƙar fata kusan miliyan 6 suka bar Kudu zuwa biranen Arewa da Yamma tsakanin shekarun 1910 da 1970, suna gudun wariya da kisan gilla. Waɗanda suka mallaki gonaki, kimanin eka miliyan 16 a 1910, mafi yawan ƙasar ta suɓuce daga hannun zuriyarsu, ta hanyar bashin haraji, da gwanjon gadon da ba a raba a takarda ba, da zamba, da tsoratarwa. Mutumin da aka kora daga wuri, aka hana shi dawowa shekara hamsin, shi ne yau ake ce wa ya kawo shaidar yana kula da kabarin. Doka ta ba shi haƙƙi da hannun dama, ta nemi takardar da ba a taɓa barin kakansa ya mallaka ba da hannun hagu.

A birnin Tampa na Filorida akwai maƙabartar baƙar fata mai suna Zion da aka kafa a 1901. Ta ɓace daga taswira, aka gina gidajen gwamnati a kan wani sashenta. Sai a 2019, bayan binciken 'yan jarida, aka kawo na'urar hango ƙarƙashin ƙasa, ta nuna akwatunan gawa sama da 100 a ƙarƙashin harabar da yara ke wasa. A nan babu ƙofar da za a roƙa a buɗe ma, maƙabartar ce gaba ɗaya aka shafe.

A gundumar St. James ta jihar Luwiziyana kuwa, a bakin kogin Misisifi, kamfanin Formosa ya sayi tsofaffin gandayen rake don gina masana'antar roba ta dala biliyan 9.4. Masu tonon tarihi da kamfanin ya ɗauka sun gano kaburbura a tsohon gandun Buena Vista, waɗanda ake kyautata zaton na bayi ne. Mutanen yankin, ƙarƙashin wata ƙungiya da Sharon Lavigne ta kafa, suka nemi su je su yi addu'a ranar 19 ga Yuni, 2020, ranar da baƙar fatar Amurka ke tunawa da 'yantuwa. Sai da alƙali ya ba da umarni sannan suka shiga. Babu ɗayansu da zai iya nuna kabari ya ce wannan na wane ne. Abin da suke da shi shi ne kakanninsu a waɗannan gandaye suka yi bauta, kuma a nan suka mutu. Ni ina ganin wannan ya isa hujja, kuma dokar da ba ta karɓi shaidar baki da shaidar zaman wuri daga irin waɗannan mutane ba, ta bar waɗanda suka fi kowa buƙatarta a waje. A ƙarshen 2022 majalisar tarayya ta amince da dokar adana maƙabartun baƙar fata, da izinin kashe dala miliyan 3 a shekara don nemowa da rubutawa da gyarawa. Taimako ne, amma ba ta tilasta wa mai fili buɗe ƙofa.

Afirka ta Kudu ta fuskanci irin wannan ciwo, ta bi wata hanya dabam. Dokar ƙasa ta 1913 ta bar wa baƙar fata kusan kashi 7 cikin 100 na ƙasar, aka ɗaga zuwa kashi 13 a 1936, don haka miliyoyi suka rayu suka mutu a gonakin Turawa a matsayin 'yan ƙwadago. Bayan faɗuwar wariya, dokar kare mazauna gonaki ta 1997 ta ce kowane mutum yana da haƙƙin ziyarta da gyara kaburburan danginsa a ƙasar wani, bisa sharuɗɗa masu ma'ana da mai ƙasar zai sa don kare rai da dukiya da aikin gona. Ziyara ta samu, binnewa ta rage. A 2001 kotun ɗaukaka ƙara ta ƙasar ta ce wata uwa ba ta da ikon binne ɗanta a gonar da suke zaune ba da yardar mai gona ba. Majalisa ta gyara dokar: mazaunin gona yana iya binne ɗan gidansu a wurin in dai an saba yin hakan a gonar. Sun kalli tarihin yadda ƙasar ta shiga hannun da take ciki, suka sa shi a ma'auni. Amurka har yanzu ta fi jingina da takarda.

Mu ma kada mu ɗauka abin ya yi mana nisa. Babbar maƙabartar cikin gari mai katanga da mai gadi ba ita ce abin tsoro ba. Ta ƙauyen da birni ya cimma ita ce. Kabarinmu tulin ƙasa ne a kan itace ko fasassun tukwane, bisa sunna, ba suna ba shekara. Damina biyar ko goma ta wuce sai ya kwanta daidai da ƙasa. Gonakin da ke kewaye an sayar, an yanka awon igiya, masu gidajen baƙi ne da ba su da kowa a kwance a wurin. A Najeriya dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma a gaban hukuma mai takardar mallaka ya fi mai cewa kakana ya gaya mini ƙarfi. In tsohuwar maƙabarta ba ta cikin taswirar ma'aikatar ƙasa, ranar da aka zo yanka fuloti ba abin da zai nuna wa mai awo cewa daga wancan kukar zuwa bakin kwari mutane ne a kwance.

A yawancin ƙauyuka waɗanda suka san wannan iyaka ba su wuce mutum uku ko huɗu ba: liman, mai gari, da dattijon da ya shekara arba'in yana haƙar kabari. Aikin bai fi na yini ɗaya ba. A fita da su tare da mai awo, su taka iyakar da ƙafarsu, a kafa duwatsu a kusurwa huɗu, a fitar da hanyar da ta taso daga titi, a rubuta, mai gari da liman su sa hannu, a kai kwafi ƙaramar hukuma da ma'aikatar ƙasa, a ajiye ɗaya a masallaci.